Shinkafar da Ama Ta Tara

Kanpur, watan Fagun

Zuwa ga Didi Tulasa, wadda babu mai daraja a wurina kamarta bayan mahaifiyarmu Ama,

Daga nesa nake durƙusawa in taɓa ƙafafun Ama da goshina, ke kuma ina miƙa miki gaisuwar ƙane ga yayarsa. Ina fatan sanyin bana bai tayar wa Ama da tarinta ba, kuma ɓaunar nan ta haihu lafiya. A gaishe da Sabitra, wadda na san ita za ta karanta wannan takarda. A shaida mata cewa mijinta, ɗan baffanmu Dilliram, yana nan ƙalau a kan gadinsa a ƙofar masaƙa.

Ni ma lafiyata lau, in ban da al'amari guda da nake so in shimfiɗa miki a tsare, domin kada ki firgita ba gaira ba dalili. Tun ƙarshen damina nake fama da ƙishirwa da yawan fitsari, kuma idanuna suna yin dishi-dishi idan na daɗe a kan aikin sito. Likitan masaƙa ya auna jinina, ya ce ciwon suga ne. Ya ba ni ƙwayoyi, ya haɗa mini da wata 'yar ƙasida, wadda na karanta har na kusa haddace ta. Ƙasidar ta ce ciwon ba ya warkewa, amma ana iya tsufa da shi muddin an kiyaye iyakarsa. Ta ce farar shinkafa tana rikiɗa ta zama suga a cikin jini, sugan kuma yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, ba tare da mutum ya ji zafi ba. Sannan ta ambaci abin da ya kamata a ci a madadinta, kuma na farko da ta ambata, Didi, shi ne tamba.

Na san nauyin wannan kalma a gidanmu, kuma na ajiye alƙalami na sake ɗauka kafin in iya rubuta ta. A nan ba a samun tamba sai a wurin wani tsoho mutumin tsaunuka, garinsa kuwa ya kwana biyu, warin rumbu yake yi. Saboda haka ina roƙonki, idan an sami mai saukowa, ki aiko mini da garin tamba gwargwadon abin da mutum ɗaya zai iya ɗauka. A niƙa shi da laushi, a tankaɗe, a zuba a buhun yadi, domin ƙasidar ta yi gargaɗi game da danshi.

Magana ta ƙarshe, wadda ta fi sauran muhimmanci: kada Ama ta ji wannan batu.

Ƙanenki,
Khemraj Panthi

Dandagaun, watan Cait

Khem,

Muna lafiya. Tarin Ama da sauƙi. Ɓauna ta haihu, namiji, sai haƙuri. Ni ce ke faɗa, Sabitra ke rubutawa.

Kai da karatunka! Shekara nawa kana aiko wasiƙa, ka manta yadda ake karanta ta a gidan nan? Ɗan aike a hannun Ama yake sa ta. Ta ɗora a goshi, ta ƙwala wa Sabitra kira, muka zauna a dandamali, maƙwabciyarmu matar Aryal ma ta sauke tulunta ta sami wuri. Sabitra kuwa ba ta leƙa gaba, abin da ido ya gani shi baki ke faɗi. Haka ta bi tiryan-tiryan har zuwa "kada Ama ta ji wannan batu", da babbar murya, a kunnen Ama. Ga ta nan tana cewa ba laifinta ba ne. Ke dai rubuta.

Matar Aryal ta riƙe haɓa ta ce, "Tamba? Ayya, an rufe masaƙar ke nan." Kafin rana ta faɗi duk ƙauye ya ji an kore ka daga aiki.

Na yi wa Ama bayanin suga iya yadda na gane. Ta ce, "Wane irin ciwo ne zai hana mutum shinkafa ya ba shi tamba? Na san ciwon nan, ya kwana a ɗakina. Talauci sunansa." Ta ce kunya ce ta sa ka ɗora wa likita.

Ka san inda ka taɓo. Shekararka bakwai a shekarar da ƙanƙara ta kwashe amfanin gona, ba ka yi ƙanƙanta da tunawa ba. Mu da ubanmu ke rataye da zaren ibada, alamar dangi masu daraja, muna tuƙa tuwon tamba da ƙofa a rufe kada maƙwabta su ga launin tukunya. Autanmu Loke yana kwance ciki a kumbure, yana kawar da kai daga baƙin tuwo, yana cewa, "Ama, fari." Ta bi gida-gida har ƙasan kwari, ta samo shinkafa cikin tafin hannu, ta ƙulle a bakin zane. Ko da ta hauro ya riga ya yi sanyi. Ranar ta rantse ɗan da ya rage mata ba zai ƙara sa tamba a baki ba. Gonar shinkafar nan ta bakin rafi, da 'yan kunnenta da ƙashin bayan Baba aka saye ta, saboda kai.

Yanzu ni ce zan ɗauki tamba in kai wurin niƙa da sunanka? Ba zan iya ba. Ama ta cika buhu da shinkafar bakin rafi mai ƙamshin nan, ta ɗinke bakinsa da hannunta, ta ba surukin Aryal da zai sauko. Ka ci, ka rubuto ka ce ka ci. In kuma da gaske an kore ka, ka hauro gida, nan ba mai korarka.

Yayarka,
Tulasa

Kanpur, watan Baisak

Zuwa ga Didi Tulasa,

Bayan taɓa ƙafafun Ama da gaisuwa gare ki da Sabitra, ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kuma an gama shukar masara kafin ruwa ya tsananta. Buhu ya iso ba tare da ya jiƙe ba. Na ɗora shi a kan katako nesa da bango, kuma ina godiya ga hannun da ya ɗinke shi.

Ina so a karanta wa Ama abin da ke biye a hankali. Ba a rufe masaƙa ba, ba a kuma kore ni ba. Makullan sito suna ƙuguna kamar kullum. Dilliram zai hauro hutu a watan gobe, kuma shi da ke ganina safe da yamma zai ba da shaida da bakinsa.

Tamba a nan ba ta da ma'anar da take da ita a wurinmu. Matar manaja, wadda ke da masu dafa mata abinci har biyu, kununta take sha da safe domin ta rage ƙiba, kuma a kasuwa ta fi shinkafa tsada. Tunda ba ku aiko ba, na koma wurin tsohon nan nake saye. Amfaninta kuwa ya bayyana: ƙishirwa ta ragu, jikina ya yi sauƙi, har na kai wanduna wurin tela ya rage musu ƙugu. Likita ya dafa kafaɗata ya ce in ci gaba a haka.

Ba zan ɓoye miki ba, abokan aiki sun sa ni a gaba. Ranar da na fara buɗe kwanon abincina a cikinsu, babban akawu ya leƙa ya ce, "Panthi-ji, albashi aka rage maka, ko amarya kake nema kake sauke tumbi?" Wani ya ce a yi mini karo-karo. Na yi dariya tare da su, amma tun daga ranar a bayan dilolin auduga nake cin abincina.

Didi, ban manta da Loke ba. Akwai abin da zan faɗa miki, kuma na bincika ƙasidar ban ga an ambace shi a cikin alamomin ciwon ba. Idan na ɗora ruwa na fara zuba garin, da zarar ƙamshin ya tashi, sai ɗakina ya ƙanƙance ya yi duhu kamar namu na da, ko da rana tsaka ce. Ina tuƙawa ina jin ƙarar ƙaramin kwano ana jan sa a ƙasa a bayana, kamar yadda yake yi idan ya gaji da jira. Na duba ko ɓera ne, na toshe kowane rami da siminti. Ƙarar ba ta daina ba. Na lura ba na juya baya ga ƙofa yanzu idan ina girki, kuma ba na son in kalli buhun Ama ina cin baƙin tuwo, sai in lulluɓe shi da bargo.

Duk da haka hankali ya ce in bi likita. Ina roƙon Ama ta yi mini uzuri.

Ƙanenki,
Khemraj Panthi

Dandagaun, watan Asar

Khem,

Muna nan. Ana dashen shinkafa, ƙafafuna duk sun tsage. Wasiƙarka ta daɗe a hanya, ita da Dilliram kusan tare suka iso, kuma da ma ba ka kira shi shaida ba.

Ama ba ta ji zancen matar manaja ba, ba ta ji zancen makullai ba. Abu ɗaya ya shiga kunnenta: tela ya rage wando. Ta sa aka maimaita mata wurin, sannan ta kira Dilliram ta ce ya dafa kanta ya faɗi gaskiya. Ka san shi, ba ya iya ƙarya ko ta kare kai. Ya ce, "Aiki kam yana yi, Inna. Amma wuyansa ya zama kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Kuma na taɓa iske shi a bayan auduga yana cin wani baƙin abu, da ya gan ni ya rufe da hannu."

Na harare shi, ya ce, "To ita ta ce in dafa kanta."

Ama ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi. Tun ranar, in na auna shinkafar da za a dafa, sai ta zo ta kwashe rabonta ɗanye ta zuba a tulu, ta ce na Khem ne. Na ce ai buhu yana wurinka. Ta ce wanda aka rage wa wando buhu ɗaya ba ya isar sa. Ruwan shinkafar da na tace take sha, da ɗan madara in na yi mata faɗa. Na dafa na kai mata har baki, ta ce ba za ta iya haɗiye fari ba ɗanta yana cin baƙi a ɓoye.

Kuma kanta ya fara haɗa ku. Da yamma takan zauna tana kallon bakin ƙofa, ta ce, "Ga shi can zaune, ku ba shi mana." In ce wa? Wani lokaci ta ce Khem, wani lokaci ta ce Loke. Jiya ta ɗaura zane za ta sauka kwari neman shinkafa, tulu kuwa ga shi cike a gabanta. Da ƙyar ni da Sabitra muka mayar da ita.

Ni ban san suga ba, ban san ƙasida ba. Na san tsohuwar nan zoben hannunta ya fara zamewa. Ka buɗe buhun nan ka ci, ka rubuto mata. Sabitra ta koyi leƙa gaba yanzu, in kana da maganar da ba ta Ama ba ce ka sa a takarda dabam.

Tulasa

Kanpur, watan Saun

Zuwa ga Ama, da goshina a kan ƙafafunki,

Ina lafiya. Na buɗe buhu, ina cin shinkafarki safe da yamma da man shanu. Ƙamshinta ya cika unguwa. Na yi ƙiba, wanduna sun matse ni. Na bar tamba har abada. Ki ci abinci, Ama, domin in same ki da ƙarfi idan na hauro bikin Dashain ki sa mini albarka a goshi.

Ɗanki,
Khemraj

Takarda ta biyu, ga Didi ita kaɗai.

Abin da ke cikin ta farko ba gaskiya ba ne, kuma ina so ke ki sani. Buhu yana nan a ɗinke. Na ɗauko almakashi na zauna a gabansa, sai na tuna abin da ya faru a farkon wata. Na dawo daga aiki na cire takalmi, na ga safata ta jiƙe da jini. Ƙusa ce ta huda tafin ƙafata ta hagu, na yini ina tafiya a kanta ban sani ba. Likita ya wanke, ya ɗaure. Daga baya ya ce ciwon ya riga ya kai jijiyoyi tun kafin a gano shi, kuma raunin mai suga ba ya haɗewa sai sugan jini ya sauka. Ya ce idan na koma wa shinkafa yanzu, in fara tunanin yadda ake hawan tsauninmu da ƙafa ɗaya.

Na auna abin ta kowace fuska, na ga ƙarya ita ce hanya ɗaya da za ta bar Ama da ranta, ni da ƙafata. Ki sa Sabitra ta karanta mata ta farko da fara'a. Ki dafa mai laushi, ki fara ba ta kaɗan-kaɗan, domin cikin da ya daɗe babu abinci ba ya son a cika shi lokaci guda.

Khemraj

Dandagaun, watan Badau

Khem, ƙanena,

Dilliram ne zai sa maka wannan a hannu. Ka zauna kafin ka karanta sauran.

Ama ta tafi. Ƙasa ta zaftare ta toshe hanyar kwari, babu yadda za a yi a buga maka waya. Dilliram ne ya sa wa gawarta wuta a madadinka, ya yi zaman makoki a nan.

Wasiƙarka ta same ta da rai. Sabitra ta karanta da fara'a kamar yadda ka ce, har da dariya a wurin wando. Ama ta saurara ido a rufe. Da aka gama ta ce, "Shi ke nan?" Aka ce shi ke nan. Ta ce, "Bai buɗe ba. Khem da ko tsinke ya samu a cikin kaya sai ya rubuto tsawonsa? Da ya buɗe da ya faɗi abin da na sa a ciki." Na ce me kika sa? Ta juya ta fuskanci bango. Bayan haka ko ruwan shinkafar ba ta ƙara karɓa ba.

Ba laifi nake ɗora maka ba. Takardarka ta biyu Sabitra ta karanta mini a bayan garken ɓauna, kuma na kai ta wurin ma'aikacin lafiya na ƙauyen sama, ya ce duk abin da ka faɗa haka yake. Ni ce ban yarda da kai da wuri ba.

Ga abin da ya rage. Pandit, malamin addininmu, ya ce zaman Dilliram bai sauke naka ba. Ɗan cikinta sai ya yi nasa zaman makokin, wato kiriya, daga ranar da labari ya same shi, in ba haka ba tana nan tsaye a hanya, ba ta nan ba ta can. Ka san yadda ake yi: kwana goma sha uku, ƙafa ba takalmi, wankan ruwan sanyi, ci sau ɗaya a yini, farar shinkafa da man shanu ba gishiri. Na ce masa kana da ciwo, ko za a bar ka ka ci tamba. Ya ce, "Tamba a kiriya? Hatsin da ko gunki ba a miƙa wa? Tulasa, baƙin ciki ya taɓa miki kai."

To ni na ce kada ka zauna. Ka ba wani pandit na can sadaka ya yi abin da zai iya, alhakin ya hau kaina. Na ga fitar gawar ƙane ɗaya daga gidan nan saboda abinci, ya ishe ni.

Yayarka,
Tulasa

Kanpur, ranar da Dilliram ya iso

Zuwa ga Didi Tulasa,

Yau babu ƙafafun da zan fara da taɓawa sai naki. Ina fatan kina cin abinci, kuma Sabitra tana kwana a wurinki.

Na karanta wasiƙarki a zaune kamar yadda kika ce. Bayan Dilliram ya fita na yaye bargon, na warware ɗinkin Ama zare bayan zare, ban yanke ba. A ƙarƙashin shinkafar sama, zurfin yatsa, akwai ƙaramin kwanon tagulla mai lanƙwasasshen baki. Na Loke ne. Na ɗauka tun a shekarar aka sayar da shi tare da sauran kwanoni. Ta goge shi har yana ɗaukar ido.

Na je wurin likita na gaya masa abin da ke gabana. Ya ce wauta ce, ya faɗa da kalmar da ta fi wannan kaushi. Da ya ga ba shawara na zo nema ba, sai ya canja mini yadda zan sha ƙwayoyin, ya ba ni magani da bandeji, ya ce Dilliram ya riƙa leƙa ni, kuma idan yatsun suka canja launi a kawo ni ko ina so ko ba na so. Na sake bin ƙasidar daga farko har ƙarshe. Ta yi maganar tafiya, da biki, da zazzaɓi, amma ba ta ce komai ba game da mutumin da uwarsa ke tsaye a hanya tana jiransa.

Na ji roƙonki, Didi, kuma ban taɓa ƙin maganarki da gangan ba sai yau. Ta yi wata biyu tana hana cikinta domin in ci wannan shinkafa. Ba zan sa baƙo ya ci a madadina ba. Pandit na haikalin mutanenmu da ke bakin kogi ya yarda ya jagorance ni, an ba ni hutu, an share mini wani lungu an shimfiɗa ciyawa. Da kwanon nan zan riƙa aunawa. Abin da ke cikin tulu kuwa kada ki aiko, ki dafa ki ci.

Idan Dashain ya wuce ba ki ga rubutuna ba, ki nemi labari a wurin Dilliram, shi ba ya ƙarya. Idan matar Aryal ta tambaya, ki gaya mata ɗan Ama yana cin shinkafa.

Wanzamin da zai yi mini askin makoki ya iso, yana jira a bakin ƙofa. Daga aski ba zan ƙara taɓa alƙalami ba sai an gama.

Ƙanenki,
Khemraj Panthi